Ɗan Fari a Bakin Raga

A unguwar Tandabawi, cikin shekarun da ake rushe gidajen gefen Harami don a faɗaɗa masallaci, babu wanda bai san hannun Mukhtaru ba. Fuskarsa ba lallai a tuna ta ba, don ba mai yawan ɗaga kai ba ne, amma hannun nan na dama kowa ya shaida shi. In ya ɗauki dutse ya ce gwangwanin da ke kan katangar can yake nufi, to sai dai a je a tsinto gwangwanin a ƙasa. Duk shekara in an fita Mina, tsofaffin alhazan ƙasar Hausa da ba sa iya shiga cunkoso sukan wakilta shi ya yi musu jifa. Mailafiya mai tsire, aminin ubansa, har rantsuwa yake yi wai Shaiɗan ya gane yaron, da ya hango shi yake sunkuyawa.

A hannun Gwaggo Ɗaso ya tashi, yayar ubansa, a wani ɗakin katako da langa-langa, lungu uku daga gidan da aka haife shi. Ba maraya ba ne a lokacin, ba kuma talauci ne ya kai shi can ba. Laifinsa ɗaya, shi ne ɗan fari a wurin Wada da Ramlatu. Ranar da aka yaye shi Ɗaso ta zo ta goye shi ta tafi, kamar yadda ake yi a Kano, inda dukkansu suka baro tun suna yara. Mutanenmu kuwa da ban mamaki suke. Sun taho a ƙafa ta Chadi da Sudan, sun sayar da jakuna a hanya, sun binne 'yan'uwa, wasu har sunan ƙauyensu ya ɓace musu, amma kunyar ɗan fari ba su yarda sun ajiye ta a bakin teku a Sawakin ba. Da ita suka shiga jirgin ruwa. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta san da zamansa in da idon mutane, uba ma haka.

Ga shi kuma sun sauka a garin da aka juya abin. A Makka da sunan ɗan fari ake kiran mace. Matan Larabawa maƙwabta suka yi ta tambayar Ramlatu, "Ummu wa za mu ce miki?" Ita kuwa sai ta rufe baki da gefen mayafi ta yi dariya. Suka gaji suka ƙyale ta. Da ta haifi na biyu, Yunus, sai ta zama Ummu Yunus, kowa ya huta. Ƙannensa suna ce mata Umma, shi kuwa Mukhtaru Yaya yake ce mata, don haka Ɗaso ta koya masa.

Hanyar makarantarsa ta gaban Ramlatu take bi, inda take zama da tiren gyaɗa da ƙullin hatsin da alhazai ke saye su watsa wa tattabarun Harami. Kullum sai ya tsaya ya gaishe ta.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau," in ji ta, idonta a kan tire. "Ina Gwaggon taka?"

Shi ke nan. In ta kama dole ta kira shi, sai ta ce "kai". In aike ne, sai ta sa a ce wa "wancan" ya zo. Ya taɓa tambayar Ɗaso ko wani laifi ya yi mata. Ɗaso ta yi dariya har da tari, ta ce kunya ce, ba ƙi ba, wata rana zai gane. Ya ce to. Amma yaron da aka haifa a Makka, yake karatu da Larabci, yake ƙirga da Larabci, har mafarki da Larabci, da wuya wannan bayani ya zauna masa. Yana ganin uwayen 'yan ajinsu suna leƙowa ta taga suna ƙwala wa 'ya'yansu kira da suna, har da zagi a kai, sai ya ji ko zagin ne ma a ba shi yana so.

Ustaz Baraka, wani dogon Basudane mai koyar da motsa jiki, shi ya fara sa shi a ƙwallo yana aji huɗu. Ranar farko aka ajiye masa ya buga, ya kai ƙafa ya shuri ƙasa, ƙwallo tana nan ko gezau. Ya sake, ta tafi inda ta ga dama. Ustaz ya ce wannan ƙafa aron ta aka ba shi, ya je ya tsaya tsakanin duwatsun can biyu ya tare abin da ya zo. To a nan aka dace. Ƙwallon farko da ya cafke, maimakon ya buga, sai ya ja hannu baya ya wurga ta. Ta wuce ta kan yara fiye da goma, ta sauka daidai gaban wanda ya nufa a tsakiyar fili. Ustaz Baraka ya cire usur daga baki.

"Wa ya koya maka wannan, ya walad?"

"Ba kowa, Ustaz."

Tun daga ranar ya zama gola. Ya tsare ragar makarantar firamare shekara uku, lokacin da raga ma suna ce kawai, sanda biyu ne da igiya. Da ya wuce makarantar gaba, Ustaz ya bi shi da kansa ya gabatar da shi, nan ma aka miƙa masa ragar ba musu. Filayen Makka ba ciyawa, tsakuwa ce zalla, duk wanda zai yi tsalle ya faɗi sai ya bar wa fili wani abu na fatarsa. Ɗaso ta gaji da gasa masa gwiwa, ta samo tsohon haramin da alhazai suka yar, ta ninka ta ɗinka masa abin ɗaurawa. Tana ɗinki tana mita. Ta ce Larabawa da suke ce wa ƙwallo kura ba su yi ƙarya ba, ga ta nan tana cinye mata yaro da rana tsaka.

Aikin gola ya dace da shi fiye da kima. Mutum goma suna can suna gudu tare, suna faɗa tare, shi yana nan shi kaɗai da rigar da ta bambanta da ta kowa. In sun ci, duk su ruga can nesa su rungumi juna, shi ya tafa sau biyu ya gyara tsayuwa. In aka ci su kuwa, kowa ya san inda zai waiwayo ya harara. Bai taɓa ƙorafi ba. Tsayuwa gefe ana sha'ani ba baƙon abu ba ne a wurinsa.

A shekarar 1966 makarantarsu ta kai wasan ƙarshe na gasar makarantun Makka, a wani fili a Rusaifa. Saura kaɗan a tashi, ba wanda ya ci, sai aka ba abokan hamayya fenareti. Mukhtaru ya faɗi dama ya rungume ƙwallon. Kafin jama'a su gama ihu ya miƙe, ya hango ɗan wasansu ɗaya tsaye shi kaɗai can bayan rabin fili, ya sakar masa hannu. Yaron ya tare da ƙirji, ya ruga, ya zura. Ranar har ɗaukar Mukhtaru aka yi a kafaɗa. Sai dai da ya koma gida babu wanda zai ba labari, don Ɗaso ta rasu tun cikin azumi. Ya tarar da kwanon tuwo a rufe a bakin ƙofa, kamar yadda yake tararwa kullum tun bayan rasuwar, ba tare da an taɓa ce masa ga wanda ya ajiye ba. Ya rataye lambar yabon da aka ba shi a ƙusa, ya zauna ya ci shi kaɗai.

Washegari Ustaz Baraka ya zo masa da wani mutum mai tabarau daga wani kulob na Jidda. Mutumin bai yi dogon zance ba. Ya ce sun ga wasan, suna son sa. Za su ba shi ɗaki, su samo masa aiki a sito a bakin tashar jiragen ruwa, da yamma ya yi atisaye, a riƙa tafiya da shi wasa har Riyad da Dammam. Abu ɗaya ya rage, ya kawo tabi'iyya, takardar da ke nuna shi ɗan ƙasa ne, don da ita ake yi wa ɗan wasa rajista. Nan da kwana goma sha biyar za a rufe rajistar, in ta rufe kuma akwai wani gola daga Ɗa'if da ke jira.

Mukhtaru bai ɗauki wannan a bakin komai ba. Ya san ubansa Wada ya sami tabi'iyya tun kafin ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ɗan mai tabi'iyya kuwa ɗan ƙasa ne. Ya tafi wurin umda, mai unguwarsu, wani dattijon Balarabe mai fara'a, ya ce a duba masa. Umda ya buɗe littafi ya bi layi da yatsa. Wada ɗan Isa. Matarsa Ramlatu. 'Ya'yansa Yunus, Maryama, Rabi.

"Ni fa?" in ji Mukhtaru.

Umda ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau. "Kai ba ɗan marigayiya Ɗaso ba ne?"

"Gwaggona ce. Ramlatu ce ta haife ni."

"Ummu Yunus? Subhanallah. To in kai ne babba, don me ba a ce mata Ummu Mukhtar?"

Mukhtaru ya buɗe baki, ya rasa yadda ake faɗin amsar da Larabci, ya rufe. Ɗaso kuwa ba ta taɓa neman takardar komai ba, don har ta mutu cewa take yi baɗi za ta koma Kano. Ke nan a takarda shi ba ɗan kowa ba ne. Umda ya tausaya masa, ya ce hanya ɗaya ce, a je mahkama, wato kotu, da shaidu biyu, uwar kuma ta tsaya gaban alƙali ta faɗa da bakinta.

Daga nan wurin Mailafiya ya nufa. Ya same shi bayan la'asar yana jera tsinken nama a gefen wuta, hayaƙi da ƙamshin ƙuli-ƙuli sun cika lungun. Da ya ji bayani sai ya ajiye mafici ya dafe kai.

"Ai ina wurin, ɗana. Tare muka je. Ma'aikacin ya ce wa Wada, 'ya'yanka nawa, fara da babba. Wallahi sai gumi ya keto wa mutumin nan. Na taka masa ƙafa, na sake taka masa, ya dubi rufi ya ce Yunus. Da muka fito na ce, Wada, me ka yi haka? Ya ce ai yaron na Ɗaso ne, kuma wa zai tambayi takarda a garin Allah?" Ya girgiza kai. "Allah ya jiƙansa, ba mugunta ba ce. Bakinsa ne ya yi nauyi."

"To yanzu yaya, Baba?"

"Ni zan yi shahada, ladan ma zai yi, shi ya raɗa maka suna. Amma uwarka, wannan kai za ka je. Ni ba zan iya tunkarar Ramlatu da wannan magana ba, ina da sauran mutunci a idonta."

Ya same ta kashegari bayan azahar a tsakar gida, tana suyar gyaɗa cikin yashi a babban kasko. Ƙannen duk sun fita. Ya tsuguna ɗan nesa, inda ya saba tsugunawa, ya gaishe ta, ya fara bayani tun daga kan mutumin Jidda har zuwa littafin umda. Hausarsa tana tuntuɓe yana tallafa mata da Larabci. Ita kuwa tana ta juya yashi da ludayin ƙarfe.

"To ni me zan yi?" in ji ta.

"Mahkama za ki je, Yaya. Baba Mailafiya zai yi shahada, shi da ladan. Amma alƙali sai ya ji daga bakinki."

"Ya ji me?"

"Cewa ke kika haife ni. Da kuma sunana."

Ludayin ya tsaya.

"Duk Tandabawi wa bai san gidan da aka fito ba?"

"Umda bai sani ba. Takarda ba ta sani ba."

"In tsaya gaban maza, gaban aminin ubanka, in buɗe baki? Uwata ta mutu a hanyar Sudan a hannun yayanmu, har ranta ya fita ba ta kama sunansa ba. Ni ce zan fara? A kan wasan yara?"

"Ba wasan yara ba ne. Shi kaɗai na iya."

Ya jira, ya ƙara jira, sai ƙarar yashi. Abin da ya daɗe yana dannewa ya taso masa.

"Inti ummi walla la?" Ke uwata ce ko kuwa? Da Larabci ya faɗa, don Hausa ba za ta yarda ta ɗauko masa wannan magana ba.

Ramlatu ba ta ɗago ba. Ƙauri ya fara tashi daga kasko, ita da ba ta taɓa ƙona gyaɗa ba.

"Tashi ka ba ni wuri," in ji ta. "Kana jawo mini asara."

Ya tashi ya fita, yana jin haushinta, yana jin haushin kansa ya fi.

Kwana tara ya yi bai bi ta gaban tirenta ba. Tun da ya fara zuwa makaranta bai taɓa wuce rana bai gaishe ta ba, yanzu sai ya riƙa zagayawa ta wani lungu mai nisa, kamar ɓarawo. Da hantsi ya tafi filin makaranta, an yi hutu ba kowa, ya zana da'ira da gawayi a jikin katanga, ya koma nesa ya yi ta wurga ƙwallo. Ba mai dawo masa da ita, kowace jifa sai ya taka ya ɗauko. Ustaz Baraka ya aiko sau biyu yana tambayar takarda, ya ce a ce ana kai. A ransa kuwa ya riga ya sallama Jidda. Abin da ya fi ci masa rai ma ba Jiddar ba ce. Ya yi tambaya sau ɗaya a rayuwarsa, aka ce ya tashi ya ba da wuri.

A rana ta goma Mailafiya ya tsayar da shi a hanya, yana goge hannu da tsumma. "Gobe da safe ka sa farar riga. Ta aiko a gaya maka."

Mahkamar ɗaki ne mai faɗi, da shimfiɗa, da fanka ɗaya a sama tana juya zafi. Alƙalin tsoho ne mai farin gemu da magana a hankali, magatakarda yana gefensa da alƙalami. Ramlatu ta shigo a lulluɓe cikin baƙi, ko idonta ba a gani, ta zauna can ƙarshen shimfiɗa. Mailafiya ya shaida cewa ita ce matar marigayi Wada. Shi da ladan suka ba da shahadarsu, aka rubuta. Sannan alƙali ya juyo.

"Ya hajja, wannan saurayi ɗanki ne?"

Can ta amsa da Larabcinta na bakin kasuwa, "Ɗan Wada ne."

"Na ji. Ke nake tambaya. Ɗanki ne?"

"A gidan aka haife shi."

Alƙali ya dubi Mailafiya. Mailafiya ya matso ya yi ƙasa da murya ya yi masa bayanin al'adar, yana yi yana share gumi. Tsohon ya saurara har ƙarshe yana shafa gemu. Ya ce shekara talatin yana wannan aiki, ya ga mata da yawa suna rantsuwa a kan 'ya'yan da ba nasu ba, bai taɓa ganin mai ɓoye nata don girmamawa ba sai yau. Ya ce ya girmama abin, amma shari'a ba ta rubuta hannunka-mai-sanda. In ba za ta iya ba, ba zai tilasta mata ba, sai dai a rufe zance.

Mukhtaru ya sunkuyar da kai. Ya ji magatakarda yana rufe bakin kwalbar tawada. Ya fara neman takalminsa da ido.

"Ranar Talata ce," in ji Ramlatu.

Da Hausa ta faɗa, don haka Mailafiya ya shiga fassarawa, yana bin ta a baya.

"Tara ga Rajab, shekarar da ake ta maganar yaƙin Falasɗinu. Bayan la'asar. Kwana biyu ina naƙuda. Ya faɗo bai yi kuka ba, sai da Ɗaso ta watsa masa ruwan tulu. Yana da tawadar Allah a bayan kunnen hagu, a duba. Haƙorinsa na farko na sama ne ya fito, mata suka ce ba kyau, na ce ƙarya suke. Da hannun dama yake kama nono, in ya riƙe sai an ɓamɓare. Wata ashirin da biyu da kwana tara na shayar da shi."

Magatakarda ya dubi alƙali ko ya rubuta duk wannan. Alƙali ya ɗaga masa hannu ya bari.

"Ranar da Ɗaso ta tafi da shi ban raka su ko ƙofa ba, don akwai mata a gidan. Da suka watse na bi lungun. Kwana bakwai ina zuwa bayan ɗakinta da rana, in tsaya jikin langa-langa ina jin kukansa. Rigata ta jiƙe sharkaf. In ya yi shiru in koma gida in ɗora tukunya. Ban taɓa shiga ba. Ɗaso ma ba ta sani ba." Ta numfasa. "Ni na haife shi. Ɗana ne."

Mailafiya ya fassara. Mukhtaru bai san lokacin da ya kai hannu bayan kunnensa ba. Shi kansa bai san da tawadar ba.

"Tayyib," in ji alƙali a hankali. "Sunansa?"

Fanka tana ta juyawa. Ramlatu ta damƙe gefen shimfiɗa da hannu biyu.

"Mukhtaru."

"Na'am!"

Kafin ya yi tunani amsar ta fito, da ƙarfi, irin ta yaron da aka kira daga wurin wasa. Magatakarda ya fara dariya, ya dubi fuskar saurayin, ya haɗiye ta, ya duƙa ya rubuta.

Da wannan takarda ya sami tabi'iyya, ya tafi Jidda ranar Asabar. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ragar kulob ɗin nan, hannunsa ya yi suna har a rediyo, ya ji filin wasa cike da mutane suna kiran sunansa da baki ɗaya. Daga bakinta kuwa bai ƙara ji ba. Amma duk wannan daga baya ne.

A ranar dai, da suka fito, rana ta take. Ladan ya yi sallama ya nufi masallaci, Mailafiya ya ce wuta na jiransa, ya sulale, don mutum ne mai hankali. Suka rage su biyu. Tana gaba yana biye da ita da tazarar taku biyar, takarda a naɗe a hannunsa. Yana ta shirya abin da zai ce, da Hausa, da Larabci, duk ba wanda ya yi. Sai da suka kai kwanar da ake shiga Tandabawi ta tsaya a inuwar wani bango, ba ta juyo ba. Ya matso.

"Umma," in ji shi. Kalmar ta yi masa baƙunta a baki.

"Kul. Kada in ƙara ji."

"Ki yafe mini abin da na faɗa ran nan."

"Ba ka faɗi komai ba." Ta gyara lulluɓinta. "Shekara goma sha takwas yana bakina ban bar shi ya fita ba. Yau na fito da shi, sai ga shi don ka tafi ne."

"Jidda ba nisa, Yaya. Mota ce ta awa biyu. Duk Juma'a zan zo."

"Ɗakin Ɗaso ma ba nisa."

Yana jin yadda take jan numfashi a bayan baƙin ƙyallen, yana so ya kama hannunta, bai san yadda ake yi ba, ita ma ba ta sani ba. Wasu mata biyu 'yan unguwa suka ɓullo daga cikin lungu da kwanduna a ka. Ramlatu ta hango su, ta miƙe tsaye sosai.

"Kai, wuce gaba," in ji ta. "Kada a ga muna tafe tare."

Ya wuce gaba.